Baffa, Fanka da Ƙaiƙayin Gero

Ranar sadakar uku ta Baffa, ina zaune a zaure cikin masu karɓar gaisuwa, sai wani dattijo daga ƙauyen da ke gabas da mu ya shafa fatiha, ya ɗaga murya ya ce, "Allah ya jiƙan bawan Allah. Mutum ne mai kyakkyawan zato, ban taɓa jin ya zargi kowa ba."

Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri-sauri. Ta bayan katanga, inda mata suke, muka jiyo Gwaggo, ƙanwar Baffa, ta yi wani irin tari wanda duk ɗan gidan ya san ba tari ba ne. Ni kuwa na ƙura wa dattijon ido ina tambayar kaina: shin bai san wanda ya rasu ba ne, ko da wata manufa ya zo? Ban daɗe ina wasiwasi ba. Da ya tashi tafiya ya ja ni gefe, ya nuna motar da ke ƙarƙashin darbejiya da haɓa, ya ce, "Waccan fa, in an tashi sayarwa a tuna da ni."

Haka aka yi ta zuwa. Waɗanda suka shekara suna kiransa mai laluben buhu a bayan idonsa, su ne suka fi kowa dogon yabo. Waɗanda mutuwar ta taɓa da gaske ba su ce komai ba. Mijin Yaya, wato mijin babbar 'yar Baffa, mai gyaran babur da injin niƙa a garinmu, can ya zauna a ƙasa jikin tayar motar, hularsa a hannu. Kwana uku bai iya shiga zauren ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. Ina tsoron nan da 'yan shekaru masu yabo su sauya mana shi da wani tsoho mai laushin hali wanda ba mu taɓa zama da shi ba. Baffa mai zargi ne. Ya zargi 'yan kasuwa, ya zargi maƙwabta, ya zargi hadari idan ya haɗu da wuri, ya kuma zarge ni, ni da na tashi a hannunsa. A haka na so shi, a haka kuma zan faɗe shi.

Baffa wan mahaifina ne. Mahaifina ya rasu ban ko fara famfara ba, mahaifiyata ta koma garinsu bayan ta fita takaba. Baffa ya ɗauke ni ya zaunar da ni a gaban kwanonsa. Tun daga ranar tare muke cin tuwo, har na yi aure, har na zama malamin firamare, har furfura ta fara leƙo ni. Matarsa, Inna, ita ta yi mini duk abin da uwa take yi.

Yana da wata magana guda da kowa ya san shi da ita. Duk abin da ka gaya masa, komai ƙanƙantarsa, zai saurare ka har ka gama, sannan ya ce, "Na ji. Bari in gani." In ka ce ka ɗaure awaki, zai tashi ya je ya kwance igiyar ya sake ɗaurewa. In aka kawo buhun taki, sai ya zura hannu har gwiwar hannu ya ɗebo na ƙasa ya murza. Fetur na kwalba kuwa sai ya sunsuna, ya ɗiga a tafin hannu, ya tsaya ya ga yadda zai bushe, mai sayarwa yana tsaye yana cika yana batsewa. Ko sanarwar ganin wata aka yi, zai ɗauki azuminsa kamar kowa, amma washegari da magariba za ka same shi a bayan gari ya ɗaga kai sama.

Gwaggo ta ce ba haka aka haife shi ba. Yana saurayi, wani amininsa da suka yi makarantar allo tare ya sayar masa da taki na gandu gaba ɗaya, ashe rabinsa farin yashi ne. Dawa ta yi ja tun tana gwiwa. Shekarar sun ci tafasa da rama har suka gaji, Baffa ya sayar da jakinsa don a kai ga kaka. Bai kai ƙara ba, bai zagi mutumin ba, kullum suka haɗu sai sun gaisa. Hannunsa ne kawai ya koyi shiga ƙasan buhu, bai sake fitowa ba.

Ni dai na ci amfanin wannan hali kafin in sha ɗacinsa. A wajenmu gona manne take da gona, babu daji, babu fili a banza. Layin gamba ne kawai tsakaninka da maƙwabcinka, garma kuwa ba ta da kunya, kowace damina sai ta ɗan gutsuri na wani. Kowace shekara bayan ruwan farko, Baffa zai zagaya gonar da mahaifina ya bari yana aunawa da taku. Wata shekara maƙwabcinmu ya rantse cewa gambar nan a nan take tun zamanin kakanni. Baffa ya ce, "Na ji. Bari in gani." Ya kira mai unguwa, ya shiga taku uku cikin abin da mutumin yake kira nasa, ya sa fartanya ya tono dutse. Ashe tun makon da aka binne mahaifina ya binne duwatsu a kusurwa huɗu, bai gaya wa ko Inna ba. Ranar da zai damƙa mini gonar ya tara shaidu har biyar. Na ce, "Baffa, tsakanina da kai sai an kira shaida?" Ya ce, "A kan kayan maraya ko da kaina ban yarda ba."

Motar ya saye ta wata shekara da riɗi ya yi kyau. Tsohuwa ce tun a lokacin, sai da ya je kallon ta sau huɗu kafin ya amince. Bai taɓa koyon tuƙi ba, ya ce bai yarda da ƙafarsa a kan ƙarfe ba, don haka ni na zama direban gida. Amma ba ta motsawa sai ya sa na buɗe bonet, ya leƙa ruwan lagireto, ya zaro sandar baƙin mai ya duba, ya bi tayoyi huɗu da dunguri. Da kaka kuwa, lokacin da mata ke shiƙar gero a filin da ke gefen darbejiya, sai ya tsuguna gaban motar da tsinken tsintsiya yana tsince ƙaiƙayin da ya maƙale a ramukan lagireto, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Sai shekarun wahala suka shigo. Taki ya fi ƙarfin talaka, fetur ya zama abin da ake saya da kwalba ana jan numfashi, gidaje da yawa suka koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini. Motar ta daina fita sai don rashin lafiya ko haihuwa. A duk unguwarmu ita kaɗai ce, kuma kowane wata ita ke kai Inna asibiti a Kunci saboda hawan jini.

A hanyar dawowa daga irin wannan tafiya ne, ana gab da yankan gero, allurar zafi ta haye har ƙarshe, tururi ya turnuƙo daga gaba. Da ƙyar muka lallaɓo gida muna tsayawa muna ƙara ruwa. Aka kira mijin Yaya. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna ya gaida surukinsa, sannan ya shiga aiki. Ya duba fiyus, lafiya lau. Ya ja waya biyu daga batir kai tsaye ya taɓa wa fankar da ke bayan lagireto, ko motsi ba ta yi ba.

Ya ce, "Baba, fanka ce ta mutu. Sai dai a sake wata."

Baffa ya ce, "Jiya da ranta."

"Haka ne, Baba. Haka suke yi."

"Na ji. Bari in gani."

Sau uku ya sa aka maimaita gwajin. Har sai da aka ciro fitila aka taɓa mata wayoyin ta kama, don ya tabbatar ba wayoyin ne matattu ba. Da ya gamsu, ya sa aka kwance fankar, ya gasa ƙusa a murhun Inna ya yi mata huda uku a kunne guda. Ya ce in tafi da ita birni don a gwada girma, amma in dawo masa da abarsa.

Ragon da ya shekara yana kiwatawa aka kai kasuwa saboda wannan fanka. Na san abin da ragon yake a wurinsa, shi ya sa na yini ina yawo a kasuwar kayan mota, rana tana dukana, ina bin rumfa-rumfa. Sababbi na kwali kowa ya ce ba sa ƙarko. Na zaɓi ta hannu, irin wadda suke kira Baljiyam, mai nauyi, girmanta daidai da tamu. Mai rumfar ya haɗa mata batir a gabana ta ɗauka da ƙarfi har tana neman ƙwacewa daga hannunsa. Na dawo gida ina jin na yi abin kai.

Baffa ya juya ta gaba da baya, ya ƙwanƙwasa, ya kankare da farce, ya karɓi tsohuwar ya ƙirga hudarsa uku. Da aka zo ɗaurawa, ƙusoshi suka zauna daram, sai dai kan wayarta bai shiga soket ɗin motar ba. Mijin Yaya ya ce wannan ba komai ba ne. Ya yanke kan, ya fere wayoyin, ya murɗa su da na motar, ya naɗe da baƙin tef. Na tayar da inji. Da ya ɗauki zafi sai fanka ta kama da kanta, fuuu. Inna ta yi hamdala daga bakin ƙofa. Baffa ya kara kunne ya daɗe, bai ce komai ba, wanda a wurinsa yabo ne.

Fitar farko, ban kai bakin kwalta ba allura ta fara hawa. Ina ƙara gudu tana ƙara hawa. Na juyo gida raina a jagule, na tsaya gaban Baffa na buɗe bonet. Fanka tana ta juyi abinta, allura kuma ta sauko a hankali kamar ba ita ba. Fita ta biyu haka. Ta uku ma haka, har ruwa ya tafasa. Mijin Yaya ya wanke lagireto, ya sauya murfi, ya duba famfon ruwa, babu abin da ya sauya. A gaban Baffa mota lafiyayya, a hannuna a kan hanya majinyaciya.

Ranar da na dawo na uku, ya tara mu a tsakar gida bayan la'asar, ni da mijin Yaya, Inna da Gwaggo suna zaune a kan tabarma. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗagawa ba ma.

Ya ce, "Abu uku ne. Ko an cuce ka a birni ka kasa ganewa. Ko ka sayo ta banza, sauran ragon ya bi wata hanya. Ko kuma an kawo mai kyau, wani ya sauya ta tsakanin zaure da darbejiya."

Mijin Yaya ya sunkuyar da kai har haɓarsa na taɓa ƙirji. Suruki ba ya musu da uban matarsa, ko da an ce ya saci masallaci ne. Ni kuwa na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na ce, "Baffa, ni? Wallahi abin da ka ba ni shi na kai, abin da aka ba ni shi na kawo."

Ya ce, "Na ji." Ya miƙo hannu. "Kawo makullin."

A nan na faɗi maganar da har gobe in na tuna sai na ji kunya. Na ce, "Kai dai Baffa, ko ranar da ka mutu sai ka tashi ka duba likkafanin."

Gwaggo ta yi salati. Inna ta rufe baki da mayafi. Shi kuwa ya karɓi makullin, ya ɗaure shi a mazagin wandonsa, ya dube ni ya ce, "Na riga na duba. Yana cikin akwati, kamu ɗaya bai ragu ba."

Daga ranar na daina zuwa kwanonsa. Inna ta riƙa aiko mini da tuwo ɗakina, yana komawa kusan yadda ya zo. Maganar ta fita gari, don katangar ƙasa ba ta riƙe zance. A bakin masallaci na ga mutane suna yin shiru in na iso. Wani ya tambaye ni cikin raha ko naman rago na da daɗi. Mijin Yaya ya daina bi ta layinmu, Yaya ta zo ta yi kuka a ɗakin Inna ta koma. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ni ma na fara kallon mijin Yaya da wani ido. Ina kwance ina tuna cewa fankar ta kwana a zaure, kuma shi ya fara zuwa da safe. Ashe ciwon Baffa ana ɗauka.

Na yanke shawara in nemi a mayar da ni wata makaranta can wajen Shanono, in kwashe iyalina in bar gidan. Har na rubuta takardar na sa a aljihu. Ba motar ce ta dame ni ba, ba kuma ragon ba. Mutumin da ya binne duwatsu don kada a ci mini taku uku, shi ne yau yake ganin zan iya cin nasa. Wannan ne ya hana ni barci, ya hana ni cin abinci.

Duk da haka kullum da safe sai mun haɗu. Ya ce batir zai mutu in ba a tayar da inji ba, don haka bayan an karya sai ya kwance makullin ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. In tayar, mu tsaya, shi a gaba ni a gefe, har fanka ta kama. In kashe, in mayar masa. Ban da "ina kwana" da "lafiya lau" babu abin da ke shiga tsakaninmu. Mun yi kusan mako uku a haka. A cikinsu aka yanke gero, aka yi sussuka, mata suka fito fili da ƙore suna shiƙa, ƙaiƙayi yana tashi yana sauka a kan kowa da komai.

Wata safiya na same shi tsugune gaban motar da tsinkensa a hannu, ba ya tsintar komai. Ya daɗe yana leƙen ramukan lagireto. Ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Malamin makaranta, kwana nawa ana shiƙa?"

Na ce, "Yau takwas."

"Kwana takwas muna tayar da ita a nan, ban sami abin tsinta ba. Bara war haka sai in cika tafi." Ya miƙo makullin. "Tayar."

Na tayar. Muka jira har fanka ta kama. Sai ya taka zuwa inda Inna take, ya dumbuzo ƙaiƙayi cike da hannu, ya dawo ya tsaya daf da hancin motar, ya sake shi a hankali kamar yadda mata ke tsiyayar da gero daga ƙwarya. Ƙaiƙayin bai shiga ba. Baya ya yi, ya watsu a rigarsa da gemunsa. Ya sake dumbuzowa ya sake gwadawa, ya kuma dawo masa a fuska.

Ya ce, "Tsohuwar sha take yi. Wannan tofarwa take."

Aka aika a kira mijin Yaya. Ya zo jiki a sanyaye, ya cire takalmi, ya tsuguna. Baffa ya sake sakin ƙaiƙayi a gabansa. Mijin Yaya ya kalla sau ɗaya, ya dafe kai da hannu biyu, ya ce, "Innalillahi! Baba, ku gafarce ni. Wayoyin ne na juya. Launinsu ba ɗaya ba ne da na motar, na haɗa na nan a can. Baya take juyawa."

Na kashe inji. Ya warware tef ɗin, ya sauya wayoyin biyu, ya naɗe. Aikin da bai kai tsawon alwala ba. Da fanka ta sake kamawa, Baffa ya saki ƙaiƙayi, sai muka ga ya zarce ciki ya manne a lagireto. Mata sun ajiye ƙore sun zagaye mu, Gwaggo har da guɗa.

Na ce, "To me ya sa a tsaye ba ta zafi?"

Baffa ya ce, "A tsaye ko ta ina ta hura, iska dai ta ratsa. In ka hau hanya, iskar gudu tana son shiga, ita tana turo ta waje. Ka taɓa ganin mata biyu sun fuskanci juna suna shiƙa?" Ya kakkaɓe gemunsa. "Amma na ji ne kawai. Bari in gani."

Ranar ya shiga gaba, ya sa na kai shi har Bichi muka dawo, a shekarar da ake auna fetur kamar magani. Idonsa bai bar allurar nan ba ko sau ɗaya, ita ma ba ta bar tsakiya ba. Da muka sauka ya kira mijin Yaya gaban mutane, ya ce, "Kuskure ka yi, ba cuta ba. Na gani. Ka ce wa matarka ta zo ta ɗauki geronta." Mijin Yaya ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro, kuma tun daga ranar babu wanda ya isa ya taɓa motar nan da sifana sai shi.

Ni fa? Da magariba Inna ta ce Baffa na kira. Na same shi gaban kwano, ya matsa gefe ya bar mini wurina. Da na ɗaga faifai, makullin yana kan tabarma kusa da miya. Ya ce, "Ci, tuwo na hucewa." Shi ke nan. Na yaga takardar da ke aljihuna, na zauna a gidan. Amma ba zan yi ƙarya a kan mamaci ba: wani abu ya tsaya mini a rai, shekara da shekaru bai wuce ba. Ƙaiƙayi ne ya wanke ni. Da a shekarar ba a yi gero ba, da har yau ni ɓarawon rago ne. Na so a ce sau ɗaya a rayuwata na faɗi magana Baffa ya karɓa don ni na faɗa.

Bayan wannan, binciken safe ya ƙaru da abu guda. Kafin kowace tafiya, bayan ruwa da baƙin mai da tayoyi, sai a jira fanka ta kama, ya kwance ɗan ƙullin ƙaiƙayi ya saki a gaban motar. Inna ce ke ajiye masa ƙaiƙayin a tsohuwar tukunya tun daga kaka har kaka. Mai naƙuda na nishi a baya, Baffa na gaba yana shiƙa. Na sha yin tsaki a cikina, Allah ya yafe mini.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Kwana tara yana kwance yana ƙin asibiti, yana sa a karanta masa takardar kowane magani sau biyu. A rana ta goma, da hantsi, ya yarda a tafi. Ni da mijin Yaya muka tallafo shi, ba nauyi ko kaɗan. Da muka zo daidai hancin motar ya tsaya, kamar yadda ya saba. Na riga na tayar da ita tun da sassafe. Na kai hannu zan ɗaga bonet, ina cewa, "Baffa, na duba ruwa, na duba mai. Fanka ma na gwada, tana sha."

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Na ji."

Na tsaya ina jiran sauran, hannuna a kan ƙarfe.

Ya ce, "Mu tafi."

Inna da ke bayanmu ta saki kuka a take. Ni ban yi ba, tuƙi ke gabana. Washegari bayan azahar Allah ya karɓi abinsa. A motar muka dawo da shi, kuma likkafanin nan na cikin akwati da shi aka suturta shi, kamu ɗaya bai ragu ba.

To, amma a hannun wa na tashi? Duk kwanakin zaman makoki ina juya kalmomin nan biyu. Wata zuciyar ta ce ya yarda da ni ne a ƙarshe. Wata ta ce kada ka yaudari kanka, mutum ne ya galabaita, ba shi da ƙarfin tsayawa, ko kuma ciwo ya mantar da shi. Na fi karkata ga ta biyun, don ita ta fi kama da abin da shi zai zata.

Bayan an share makoki Inna ta kira ni ɗaki. Ta ɗauko rigar da ya je asibiti da ita, ta sa hannu a aljihu, ta ciro ɗan ƙulli a tsumma ta ɗora mini a tafi. Ban buɗe ba na san ko mene ne.

Ta ce, "Da safen nan shi ya sa na ƙulla masa. Har sai da ya kwance ya duba ko na zuba da yawa. Ya ce in ya isa gaban motar zai gwada. Ina kallo ya sa hannu a aljihun lokacin da kake magana, sai ya fito da hannun wayam."

A nan ne na yi kukan da ban yi ba a asibiti, ban yi ba a maƙabarta. Na ji daga bakinsa, yanzu kuma na gani.

Dattijon gabas ya sake aiko mini a kan motar, na ce a gaya masa ba ta sayarwa ba ce. Tsohuwar fanka mai huda uku tana rataye a zaure inda ya bar ta. Ƙullin kuwa yana cikin akwatinsa, a wurin da likkafanin ya tashi, ban kwance shi ba kuma ba zan kwance ba.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa zarginsa, ya yafe mini bakina. Ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da riƙon maraya. Ranar da za a tsayar da kowa a buɗe abin da ya ɗauko, Allah ya sa yana cikin waɗanda za a ce da su su wuce, ba tare da an duba ba.